Kafin a ɗora wa inji laifi, a tambayi ina idon matuƙi yake

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a sam mini fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana tsaye mini a rai.

Duk ranar da ƙaramin jirgin sama ya faɗo jim kaɗan da tashinsa, tun ƙura ba ta lafa ba an riga an yanke hukunci, wai inji ne ya sami matsala. Haka nake ji a rediyo, haka nake karantawa a jaridu, kuma ka yi haƙuri, har da taku. Wani da ke tsaye daga nesa zai ce ya ji ƙarar injin ta canza, wakilinku ya rubuta, magana ta zauna. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu masu bincike su fito da rahoto, su ce sun warware injin ƙusa bayan ƙusa ba su ga aibu ba. A lokacin kuwa an manta da labarin, babu mai komawa ya gyara abin da aka faɗa.

Na yi shekaru masu yawa a kujerar dama ta ƙananan jirage ina koyar da tuƙi, har zuwa ranar da likita ya duba idona ya ce in sauka haka nan. Ban ce inji ba ya mutuwa ba, yana mutuwa. Amma abin da na gani da idona, da abin da na karanta a rahotannin haɗurra, ya nuna mini cewa sau da yawa jirgin lafiyarsa ƙalau har zuwa daƙiƙar da ya daki ƙasa. Hankalin matuƙin ne ya tafi wani wuri na ɗan lokaci, a daidai inda jirgi ba ya yafe irin wannan.

Bari in fara da kaina, don kada a ce na zo in tona asirin matattu.

Ban daɗe da karɓar lasisi ba, kawuna ya ce yana so ya ga yadda duniya take daga sama. Jirgin mai kujera huɗu ne, irin wanda ƙofarsa ɗaya ce tak a gefen dama, wato gefen fasinja, kuma sakata biyu gare ta, ɗaya a tsakiya ɗaya a sama. Na shiga, Kawu ya shigo bayana ya ja ƙofa. Ina cikin bin takardar dubawa, wato jerin abubuwan da matuƙi ke dubawa kafin tashi, layi-layi, na zo daidai kan ƙofa, sai hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta kira ni a rediyo ta ce in matsa zuwa bakin titi, akwai wani jirgi a bayana. Na amsa, na saki birki. Da na dawo kan takardar sai idona ya sauka a layin da ke ƙasa da na ƙofa, na ci gaba abina. Sakatar sama ba ta shiga ba.

Na tura totur, muka ɗauki gudu, na ɗaga hanci, tayoyi suka bar ƙasa. Ba mu kai ƙafa 100 ba sai na ji wani bam, kamar an fasa taya a kunnena. Iska ta cika ɗakin, taswirar da ke kan cinyata ta yi sama ta manne a gilashi. Kawu ya cafke hannuna na dama yana salati, yana cewa, "Ɗan nan, ƙofa! Zan faɗa!" Alhali bel ɗinsa a ɗaure yake, ƙofar ma ba ta buɗe fiye da faɗin tafin hannu ba, don iskar da ke wucewa ta gefen jirgi ba za ta bar ta ta wangale ba. Duk na san wannan, an koya mini. Amma abin da na yi shi ne na miƙa jikina ta gaban Kawu ina jan ƙofar.

Hannuna na hagu yana kan sitiyari. Da jikina ya karkata, hannun ya bi jiki, ya ja sitiyarin baya ba da sanina ba. Ina kokawa da ƙofa, hancin jirgi na ta yin sama. Ƙararrawar gargaɗi tana kuka, ban ji ta ba saboda hayaniyar iska. Abin da ya dawo da ni shi ne wata 'yar karkarwa da na ji a kujera, da kuma laushin da sitiyari ya yi a hannuna, kamar an kwance shi daga jikin jirgin. Na ɗago ido, ban ga komai a gilashin gaba ba sai shuɗin sama. Na saki ƙofar, na tura hanci ƙasa, na ga bishiyoyin ƙarshen titi suna tahowa, na daure na bar gudu ya dawo kafin in sake ɗagawa. Muka zagaya da ƙofa a buɗe, muka sauka lami lafiya. Duk abin, daga bam ɗin zuwa sakin ƙofar, bai fi sakan shida ko bakwai ba. Da mun faɗi a ranar, na tabbata da an sami wanda zai rantse ya ji ƙarar inji ta canza.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne a cikin sakan shida? Direban mota ma yakan waiwaya. Bambancin yana cikin yadda jirgi ke riƙe da kansa a sama. Fiffike yana ɗaukar nauyi ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan aka ɗaga hanci har kusurwar da fiffiken ke tarar iska ta wuce wajen digiri 16 zuwa 18, iskar takan ɓalle daga bayansa, ɗaukar ta zube. Wannan shi matuƙa ke kira sitol. Sunan yakan ruɗi mutane su zaci inji ne ya tsaya, alhali injin na iya kasancewa a cikakken ƙarfinsa. A lokacin tashi kuwa jirgi yana kusa da wannan iyaka sosai: hanci a sama, gudu kaɗan, ƙasa ga ta nan.

Ɗauki Cessna 172, wanda tun 1956 ake ƙera shi kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa. Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa. Wannan jirgi yana ɗaga hanci a not 55, ya hau sama a wajen not 74, fiffikensa kuma ya saki iska a wajen not 48. Tazarar da ke tsakanin hawa lafiya da faɗuwa ke nan, not ashirin da 'yan kai, kuma hannun da ya ja sitiyari baya yana cinye ta cikin 'yan daƙiƙu. Idan jirgin ya karkata, tazarar ta ƙara tsukewa: kwanar digiri 45 tana ɗaga gudun sitol da kusan kashi 19 cikin 100, ta digiri 60 kuma da kashi 41. Ga kuma farfela, wadda a cikakken totur take jan hancin jirgi hagu, dole matuƙi ya riƙa danna fedar dama da ƙafarsa don ya daidaita. Wanda hankalinsa ya tafi kan ƙofa, ƙafarsa ma ta saki feda. Idan sitol ya sami jirgi a karkace haka, fiffike ɗaya ne ke riga ɗaya faɗuwa, jirgin ya kifa ya shiga hajijiya, hanci ƙasa. Fita daga hajijiya yana cin ɗaruruwan ƙafa ko a hannun gwani. Jirgin da ke hawa ƙafa 700 a minti, a mintinsa na farko ba shi da wannan sararin.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce tsakanin 2008 da 2014 kusan rabin haɗurran ƙananan jirage da aka rasa rai a cikinsu a ƙasar, kuɓucewar jirgi ne daga hannun matuƙi yana sama, kuma mutum fiye da 1,200 suka tafi ta wannan hanya. Shi ya sa ta yi shekaru tana sa matsalar a jerin abubuwan da ta fi son a magance.

Abubuwan da ke ɗauke hankalin kuwa, in ka ji su sai ka riƙe baki. Taga ta buɗe. Bakin bel ya maƙale a waje yana dukan jikin jirgi kamar ana harbi. Murfin wurin zuba man inji ya ɗaga yana kaɗawa. Zuma ko rina ta fito daga bututun iska. Yaro a kujerar baya ya fara amai. Babu ɗaya a cikinsu da ke hana jirgi tashi, duk ana iya zagayawa a sauka a gyara. Garin gyaran gira ne ake rasa ido.

Akwai guda ɗaya da nake ware wa, domin shi da kansa yake jan sitiyari. Kujerar matuƙi a kan dogo take tafiya gaba da baya, wani ɗan ƙarfe ne ke shiga rami ya riƙe ta. Idan ramukan suka cinye, ko ƙarfen bai zauna ba, to daidai lokacin da jirgi ya ɗaga hanci kujerar takan zame baya gaba ɗaya. Mutum kuwa in ya ji zai faɗi, abin da ke hannunsa yake riƙewa, abin da ke hannunsa kuma sitiyari ne. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarni a 1987, ta sabunta shi a 2011, cewa a riƙa duba dogon kujerun jiragen Cessna da yawa a kai a kai saboda wannan. Ni dai babu ɗalibin da ya taɓa tayar da inji a gabana ba tare da ya jijjiga kujerarsa gaba da baya da ƙarfi ba. Suna yi mini dariya, suna cewa Malam na sa su rawa.

Sai waya, wadda a zamanin da na fara tuƙi ba mu san ta ba. Ranar 31 ga Mayu, 2014, wani Cessna 150 ya tashi da tsakar dare kusa da Watkins a jihar Kolorado ta Amurka, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa. Bai yi nisa ba ya shiga sitol da hajijiya, matuƙi da fasinjansa suka rasu. A cikin tarkacen an tsinci kyamarar GoPro. Ba ta ɗauki tashin ƙarshe ba, amma ta ɗauki waɗanda suka gabace shi, inda aka ga matuƙin da fasinjoji suna ɗaukar kansu hoto da waya, har da walƙiyar kyamara cikin duhu, jirgi na gudu a titi da kuma lokacin da yake hawa. Masu bincike suka ce da alama wayar ce ta ɗauke masa hankali har ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Wanda bai taɓa tashi da dare ba ba zai gane illar walƙiya ɗaya ba. Ido yakan ɗauki kusan rabin awa kafin ya gama sabawa da duhu, haske ɗaya kuma ya rushe wannan sabon nan take.

Kada kuma a ce wannan ciwon sababbin hannu ne. Mawaƙin nan na Amurka John Denver yana da sa'o'in tuƙi fiye da 2,700 lokacin da ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 1997, a gaɓar tekun Monterey da ke Kalifoniya. Jirgin, samfurin Long-EZ, bai daɗe da sayensa ba, kuma wanda ya harhaɗa shi ya sa makunnin sauya tankin mai a bayan kafaɗar hagun matuƙi, ba a gabansa inda masu zanen jirgin suka tsara ba. Jim kaɗan da barin filin jirgi man tanki ɗaya ya ƙare. Binciken ya nuna cewa don mutum ya kai hannu ga makunnin sai ya murɗa jikinsa, in ya murɗa kuma ƙafarsa ta dama takan danna feda. Jirgin ya karkata ya faɗa teku. Ka ga a nan waɗanda suka ce sun ji ƙarar inji ta canza ba ƙarya suka yi ba. Sai dai jirgin da injinsa ya yi shiru yana iya lulawa a hankali ya sauka, waiwayen ne ya kifar da shi.

Haka matuƙin nan na Amurka Dale Snodgrass, wanda aka sani da cewa babu wanda ya kai shi sa'o'i a jirgin yaƙi na F-14. A watan Yulin 2021 ya tashi da wani ƙaramin jirgi a Lewiston ta jihar Idaho, hancin ya miƙe sama, jirgin ya kifa a cikin filin. Aka gano makullin da ake sa wa sitiyari idan an ajiye jirgi, don kada iska ta riƙa kaɗa fukafukai, yana nan ba a cire ba. Juya sitiyari hagu da dama, gaba da baya kafin a hau titi aikin sakan biyar ne, kuma yana cikin kowace takardar dubawa. Na daɗe ina tunanin wannan haɗari, don ya fi ba ni tsoro a kan na ɗalibai. Ɗalibi tsoro yana tsare shi. Wanda ya yi abu sau dubu shi ne hannunsa ke tafiya ba tare da kansa ba, har ranar da aka katse shi a tsakiya ya tsallake layi ɗaya, kamar yadda na tsallake na ƙofa.

Manyan jiragen fasinja sun daɗe da koyon wannan darasi. A watan Satumban 1974 wani jirgin Eastern Air Lines ya faɗi yana shirin sauka a birnin Charlotte na Amurka, mutum 72 suka rasu, na'urar naɗar murya kuma ta nuna matuƙan suna hirar siyasa da tsofaffin motoci. A 1981 FAA ta kafa doka: daga lokacin da jirgi ya fara motsi a ƙasa har ya wuce ƙafa 10,000, babu hira, babu wani aiki sai na tuƙi. Jiragen haya dokar ta shafa, ba ta hau kan mai ƙaramin jirginsa ba. Abin mamaki kuwa shi ya fi bukatarta. Babban jirgi matuƙa biyu gare shi, ɗaya na tuƙi ɗaya na lura, ga ƙofa a kulle tsakaninsu da fasinjoji. Mai ƙaramin jirgi shi kaɗai ne, fasinjansa kafaɗa da kafaɗa da shi, yana nuna masa rufin gidansu ta taga.

Saboda haka na kafa tawa dokar. Kafin mu hau titi nakan juya in ce wa duk wanda ke ciki, daga yanzu har in ce an sake ku, kada wanda ya yi mini magana, sai in ya ga wani jirgi ko hayaƙi. Waya a aljihu. Idan ƙofa ta buɗe za ku ji ƙara, ba abin da zai same ku, kada ku taɓa ta, kada ku taɓa ni. Wasu sukan ɓata rai, musamman manya da ba su saba yaro ya ce su yi shiru ba. Ina ba su haƙuri in mun kai ƙafa 1,000.

Ɗalibai kuma nakan sa su faɗa da bakinsu, da ƙarfi, abin da za su yi in wani abu ya faru. In muna ƙasa tukuna, a ja totur baya a taka birki, ko da dalilin bai wuce wata ƙara da ba a gane ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai ma'aunin da ake koyarwa: in ka ci rabin titi ba ka sami kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, ka fasa. In kuwa mun bar ƙasa, hanci da gudu su ne farko, sai inda za a dosa, rediyo ne na ƙarshe. Hasumiya tana iya jira. Ban taɓa jin jirgin da ya faɗi don matuƙi ya yi jinkirin amsa kira ba. Wani lokaci, in mun yi nisa sama inda babu haɗari, nakan buɗe tagata ba zato, ko in jefar da biro ƙarƙashin ƙafar ɗalibi in ce ya miƙo mini. Wanda ya sunkuya ya faɗi jarrabawar ranar. Akwai wata ɗaliba da ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Malam, biron ya jira." A makon na sa hannu ta tashi ita kaɗai.

Ko a ranar da injin ya mutu da gaske, sau da yawa abin da ke kisa shi ne abin da ya biyo baya. Zuciya takan ce a juya a koma titin da aka baro. Littafin koyar da tuƙi na FAA ya yi lissafin: jirgi a ƙafa 300, matuƙi ya ɗauki sakan huɗu kafin ya gane abin da ya faru, sannan ya yi kwana a hankali don ya koma. Kafin ya gama juyawa yana bukatar sama da ƙafa 1,300. In ya matsa kwanar don ya yi sauri, gudun sitol ya hau, ya shiga hajijiya. Wanda ya sunkuyar da hanci nan take ya nufi fili mafi kyau da ke gabansa, ko gona ce ko daji, yakan lalata jirgi amma sau da yawa ya fito da ƙafarsa. Waɗannan sakan huɗu na wanda idonsa ke kan aiki ne. Wanda ke duba waya, Allah kaɗai ya san nawa zai ɗauka.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Idan irin wannan labari ya zo teburinka, a rubuta abin da aka gani, cewa jirgi ya tashi, ya ɗaga hanci, ya karkata, ya faɗo, a bar dalili ga masu bincike. Sannan ranar da rahotonsu ya fito, ko bayan shekara biyu ne, a ba shi fili kamar yadda aka ba hoton tarkacen. Masu koyon tuƙi suna karanta jarida, iyalansu da za su zauna a kujerar dama ma suna karantawa. In kullum abin da suke gani shi ne inji ya lalace, za su ɗauka babu abin da ke hannunsu.

Kawu, Allah ya jiƙansa, ya sake shiga jirgi da ni sau ɗaya bayan wancan. Shi ya rufe ƙofar da kansa, ya murɗa sakatar sama, ya tura ta da kafaɗa sau biyu, sannan ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Bai ce uffan ba har muka kai ƙafa 1,000 na ce masa, "Kawu, an sake ka." Ya ce, "A'a, ɗan nan, kai dai duba gabanka."

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin tuƙin ƙananan jirage